Jeren Inna a Gidan da Sidi Ya Zana

Shekara tara ke nan da muka tsaya a bakin ƙofa muka raka Sidi da ido, maza suka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a. Sidi shi ne yadda yaran Madina ke kiran kakansu namiji, da shi na buɗe baki, har yau ban iya ce masa Kaka ba. Mutanen unguwarmu ta Aziziyya da Muhandis Yusuf, wato injiniya, suka san shi. A ƙasarsu Yuzef ne, haifaffen birnin Warsaw na Poland, daga cikin 'yan tsirarun Musulmin Tatar da suka daɗe a can. Mai zanen gine-gine ne. Ni jikarsa ce, 'yar 'yarsa ta fari, a hannunsa da na matarsa na girma. Matar tasa, Rakiya, Bakanuwa ce. Mu duka Inna muke ce mata, kuma tana nan da ranta.

Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan zauna in rubuta wani abu a kansa, sai in ga yabo ne zalla ke fitowa, irin wanda ake yi a zaman makoki. Shi kuwa ba ya son abin da aka shafe da fenti. Bana na ce bari in bar simintin tsirara yadda yake so. Zan faɗi aikinsa, zan kuma faɗi kwanukan Inna, domin na rasa yadda zan raba su.

A cikin kufai ya yi yarinta. Yaƙin duniya na biyu ya bar birninsu tudun ɓaraguzai, ya yi karatun zane a daidai lokacin da ake sake gina shi, a hannun malaman da suka yi imani cewa sabon gini zai iya haifar da sabon mutum. Sun koya masa cewa gini ya faɗi gaskiyar abin da aka yi shi da shi. Kankare ya fito a kankare, ƙarfe a ƙarfe, kada a liƙa fure ko wani ado da ba ya ɗaukar nauyin komai. Da wannan aƙida ya sauka Kano, cikin injiniyoyi da masu zanen da ƙasarsu ke turowa Afirka a zamanin da arzikin mai ya fara shigowa Najeriya. Ya zana gidajen ma'aikata, da ɗakin cin abinci na wata makarantar kwana, da wani ƙaramin asibiti a bayan gari.

Yana da wata ɗabi'a da ya mutu da ita. Kafin ya ja layi ɗaya a takarda sai ya ɗauki kujerarsa ta naɗewa ya je filin, ya zauna tun hantsi har rana ta yi sanyi, yana kallon inda inuwa ke faɗuwa da inda iska ke shigowa. Magina na yi masa dariya, suna cewa Bature ya samu aikin gadin fili. Amma gininsa ba ya zafi. Yakan ɗaga taga sama kusa da rufi, ya miƙo wa bango baki don ya yi wa kansa inuwa, ya bar hanyar da zazzafar iska za ta fita. Tsofaffin da suka yi jinya a asibitin nan sun ce a watan bazara ma da mayafi ake kwana a ciki.

A wannan asibiti ya haɗu da Inna, tana aikin jinya. Ita ta ga tana so, babu wanda ya tura ta, a gidansu ma sai da aka sha fama kafin a yarda. Da aka yarda kuwa, mahaifiyarta ta ce ba za a kai 'yarta gidan Bature a raina ta ba. Matar nan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, kuma tun Inna na goye take tara mata kwano. Masu karatu na gida sun san abin da jere yake nufi, amma ƙannena da aka haifa a nan ba su sani ba, don haka zan faɗa saboda su. Kayan da ake jera wa amarya a ɗakinta ba na girki ba ne. Su ne ke gaya wa duk wanda ya shigo cewa yarinyar nan tana da uwa, tana da dangi, ba tsintar ta aka yi ba. Kuma amarya ba ta yi wa kanta, mata 'yan uwanta ne ke zuwa su yi mata.

Ranar jere gwaggwanninta da ƙannen uwarta suka cika mota da kaya suka nufi gidan da kamfani ya ba shi. Tun safe suke aiki har la'asar. Samira a kan samira, daga babba zuwa ƙarama, har kusa da silin. Fanteka masu jan fure a ƙasa, langa da kwalla a tsakiya, ga tasoshin da aka goge da toka da lemon tsami suna ɗaukar ido. Bango ɗaya gaba ɗaya ya ɓace. Sidi ya dawo daga wurin gini, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya duba, ya yi wa matan godiya da Hausarsa ta wurin aiki, har ya ba su tukuici.

Kwana ɗaya Inna ta yi da jerenta. Washegarin kai ta, da safe, ya shigo da tulin jaridu da kwalaye. Bai yi faɗa ba. Ba ya faɗa, duk zamana da shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe kowanne a jarida, yana kife murfi a cikin kwanonsa don kada fentin ya goge. Tana zaune a bakin gado da lallenta a hannu, tana kallo.

"Rakiya, ɗaki yana son numfashi," in ji shi. "Idan na gina namu gidan zan yi musu wuri."

Da hantsi 'yan ganin ɗaki suka fara sallama. Suka tarar da farin bango, da gado, da kujera guda. Waɗanda ba su je jere ba suka koma cikin gari da labarin an kai Rakiya gidan Bature ko cokali babu. Waɗanda suka yi jeren da hannunsu suka yi ta rantsuwa, aka ce rufin asiri suke yi. Maganar ta iske mahaifiyarta a bakin kaskon suya. Ba ta taɓa taka gidan ba har ta bar duniya. Idan tana son ganin 'yarta sai ta aika a kira ta.

Na taɓa tambayar Inna me ya hana ta yin yaji. Ta ce, "In je gida in ce me? Bai zage ni ba, bai doke ni ba, cefane ba ya yankewa. In ce ya naɗe kwano a jarida? Kuma ai ya ce zai yi musu wuri."

Sai ta zauna jiran wurin. Aiki ya kawo su Madina, wani ɗan kwangila ya ɗauke shi zanen masaukan alhazai a wajen Anbariyya, kwalayen suka biyo su ta jirgin ruwa. Suka yi ta yawo daga wannan gidan haya zuwa wancan, kwalayen na ƙarƙashin gado ko a bayan ƙofa. Mahaifiyata ta girma, aka haifi ƙaninta, Kawu Faisal, shi ma ya girma. Inna ba ta taɓa yarda a buɗe ko ɗaya don amfani ba, ko da baƙi sun yi yawa an rasa mazubi. Ta ce jere ba a yi masa giɓi.

Daga baya ya samu fili a Aziziyya. Baƙo ba ya mallakar ƙasa a Madina, don haka filin da ginin duk da sunan kafilinsa aka rubuta, wato Balaraben da izinin zamansa ke hannunsa. Amma zanen nasa ne shi kaɗai, babu mai gidan da zai ce masa ƙara nan ko rage can, kuma shi ne kaɗai ginin da ya taɓa yi a haka. Daga waje babu abin kallo, akwatin kankare ne mai ruwan toka a tsakanin gidaje masu baranda da fenti. Sai ka shiga. Falo ne dogo babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, haske na saukowa daga sama kamar ana zubo shi a hankali, ƙasa da sanyi ko a tsakiyar zafin Madina. Sawun katakon da aka zuba kankaren a ciki yana nan a jikin bango, kana iya bin jijiyar itacen da yatsa. Ya hana a buga ƙusa ko ɗaya. Agogon bango ma ba mu da shi.

Ranar tarewa Inna ta bi shi ɗaki-ɗaki tana duba bangaye. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce, "Muhandis, ina wurin?"

Ya riƙe hannunta, abin da ba ya yi a gaban mutane, ya hau da ita saman bene. A can ya gina wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da ramukan iska a sama da ƙasa don kada zafi ya taru, da kantocin kankare. Ashe ya auna kowane kwali tun kafin a zuba kankaren. Kowanne ya shige gurbinsa, ko faɗin yatsa bai rage ba. Inna ta ce ba ta taɓa ganin farin ciki a fuskarsa irin na ranar ba. A ganinsa ya cika alkawari, kuma ya cika shi da kyau. Na yi ta juya wannan rana a raina. Da mugunta ya shirya, da na san inda zan ajiye abin. Bai shirya ba. Ya kwana yana tunanin yadda iska za ta ratsa kwalayen, bai taɓa tunanin matar da ke tsaye kusa da shi ba.

Ni kam alheri kawai na sani daga gare shi. Ya koyi wasan kaka da jika a Kano, Amarya yake ce min. Bayan la'asar yakan zaunar da ni a ƙasan falo mu kalli wani siririn layin haske da ke shigowa ta tagar yamma, yana hawa bango a hankali har ya taɓa rufi ya mutu. Ba ma magana. A wurinsa na koyi cewa shiru ma abu ne da ake ginawa, kuma duk abin da nake rubutawa yau daga ƙasan falon nan ya fara. A fararen faranti iri ɗaya muke cin abinci. 'Yar tsanata tana da aljihun bango da take komawa kafin magariba.

Idan ya yi tafiya Jidda sai Inna ta ce, "'Yar Sidi, zo mu je gaida mutanena." Mu hau sama, ta jawo kwali ɗaya, ta warware jarida, ta goge kwanon da bakin mayafinta. Ta san tarihin kowanne. Wannan shekarar da aka yaye ta aka saya, wancan shekarar da gyaɗa ta yi kyau, wannan ƙaramin kuma uwarta ta fasa ɗinkin Sallah ta saye shi. Ta duba fuskarta a gindin tasa, ta mayar, ta naɗe yadda ta same shi. Jaridun Kano ne na tun wancan zamani, sun yi ja, suna karyewa a hannu.

Da na fara wayo na tambaye shi me kwanukan suka yi masa. Ya ce gidan mahaifiyarsa a Warsaw cike yake da kabad-kabad na tangaran, ba a gudu a ciki, ba a dariya da ƙarfi, kuma a safiya ɗaya lokacin yaƙin duk suka zama tsakuwa, ya ga uwarsa a durƙushe tana tsintar hannun kofi. Ya ce tun ranar ya ƙudura ba zai zauna a ɗakin da abu ya fi mutum daraja ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, na ruga na gaya wa Inna kamar na kawo mata magani. Tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To. Uwarsa aka fasa wa kwano, tawa uwar aka kama."

A ciwonsa na ƙarshe ita ta yi jinyarsa, aikinta na ƙuruciya ya dawo mata. Idonsa ya kusa tafiya, ƙafa ta daina ɗaukarsa. Wata rana da azahar ta hau sama ta sauko da samira ɗaya, ƙarama mai shuɗin fure, ta zuba masa romo a ciki. Ina jin ta ɗauka ba zai gani ba. Ya kai hannu, ya shafa murfin, ya bi bakin kwanon da yatsa. Sai ya sa bayan hannunsa ya tura shi a hankali, a hankali, har ya kai bakin tebur ya faɗi. Romon ya watsu, fentin gefe ya ɓalle.

"Ba a nan ba, Rakiya," in ji shi, da muryar nan tasa mai taushi.

Ta durƙusa ta goge ƙasa, ta kawo wani a farin faranti, ta ba shi a baki. Ba a yi wata ba bayan haka ya rasu.

Da ta fita takaba ba ta ce wa kowa komai ba, amma ƙawayenta sun san abin da ke ranta. Inna ba ta da dangi a Madina. Tana da Hajja Zainaba, Bahaushiyar Sudan mai sayar da turaren wuta, da wasu mata 'yan Chadi da suke zuwa Harami tare. Hajja Zainaba ce ta zo ta ce, tunda babu gwaggo babu inna, su ne gwaggwannin. Suka kawo kafinta ya kafa kantocin katako a ɗakin Inna. Kankaren Sidi sai da ya cinye wa mutumin bakin injin huda bango kafin ya yarda. Suka zaunar da ita a gado, suka lulluɓa mata mayafi, suka hana ta taɓa ko murfi.

"Amarya ba ta aiki," in ji Hajja Zainaba. "Rufe fuska, ya bint, ina kunyarki? Tsohuwa da ke sai leƙe."

"Ki sa manyan a ƙasa, Zainaba, ku mutanen Sudan ba ku iya jere ba," in ji Inna.

"Ji min mata. Shekara nawa kayanki na kwali, yau kin zama malama? Ki kwantar da hankalinki, wannan angon dai ba zai tashi da safe ya sauke ba."

Suka yi dariya har da hawaye, ɗaya daga cikin 'yan Chadin ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Samirar da ta ɓalle suka juya gefenta ya kalli bango. Da la'asar ta yi, hasken da Sidi ya ƙera wa hanya ya sauko ta tagar sama ya faɗa kan tasoshin, ɗakin ya kama da wuta, ja da shuɗi da ruwan zinariya suna rawa a rufi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Tagarsa ce, kwanukanta ne, kuma a ranar na gane cewa tun farko an yi su ne don juna. Inna ta yaye mayafin ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Da tana nan." Uwarta take nufi.

Bayan ƙaramar Sallah aka yi jeren. Bai kai babbar Sallah ba.

Wasu malaman jami'a a Poland suna tattara ayyukan masu zanen ƙasarsu da suka yi aiki a ƙasashen waje, za su yi littafi. Suka samu Kawu Faisal ta waya, suka ce za su turo mai hoto, suna son gidan yadda mai shi ya bar shi. Sai kun san Kawu kafin ku gane abin da wannan kira ya zame masa. A Madina ya tashi da baƙar fata, yara na ce masa Takruni a makaranta, wato baƙin Afirka, shi kuma yana cewa ubansa Bulandi ne, mutumin Poland, ana yi masa dariya. Yana jin Hausa sarai, amma rabi da Larabci yake mayarwa. Yanzu ga mutanen ƙasar ubansa sun neme shi da kansu.

Ya shigo ɗakin Inna, bai ko zauna ba.

"Ya Inna, kwana biyu bas. Su ɗauki hoto, halas, a mayar."

"Wa zai mayar?"

"Ni mana. In kawo ma'aikata."

"Maza ba sa jere, Faisal."

"Tayyib, ki kira su Hajja Zainaba."

"In ce musu me? In ce wanda na haifa ne ya sauke?"

Ya dubi bangon, ya yamutsa fuska irin ta ubansa sak. Ya ce, "Mutanen jami'a ne fa, ya ummi. Aikin Baba suke son gani, ba kasuwar gwanjo ba."

Inna ta ce kada ma'aikacin da ya taɓa mata kaya, ita za ta sauke. Ta aike ni in samo jaridu. Ta hau kujera da tsufanta, ta hana ni taimaka mata da komai sai karɓa. Tana naɗe kowanne, tana kife murfi a cikin kwanonsa. Na ce ta bari in yi wannan. Ta ce, "Ba ki iya ba. Ni a wurin gwani na koya."

Kawu ya ciro kantocin, ya toshe ramukan da siminti. Mai hoton wani mutumin Siriya ne mai ladabi, ya kafa na'urarsa yana jiran hasken la'asar. Inna na kan dardumarta a kusurwa tana lazimi. Ya raɗa wa Kawu magana, Kawu ya kamo hannunta ya fito da ita, ya zaunar da ita a matattakalar bene. A nan ta ƙarasa laziminta.

Da kwana biyun suka cika na ce mata mu mayar, ni da ita, babu wanda zai sani. Ta ce a'a. Na sake magana bayan mako, ta ce, "An yi min sau biyu, an sauke sau biyu. Kada ki sa a yi na uku." Kwalayen suka koma gurabensu a sama.

Ba a rufa shekara biyu ba kafilin Sidi ya rasu, magadansa suka ce suna son gidansu. Babu abin cewa, da sunan ubansu yake. Kawu ya ɗauke Inna zuwa gidan benen da yake haya a Sih, aka ba ta ƙaramin ɗaki kusa da kicin. Ya ce wuri ya yi kaɗan, ta zaɓi kwali ɗaya. Ta ƙi zaɓa. Ya ce za a dawo a kwashe sauran idan an samu sito, aka rufe ƙofar ƙarfen aka tafi. Ba a dawo ba.

Na je gidan a makon jiya, karo na farko tun tashinmu. Ina so in san abin da Sidi zai gani da zai leƙo. An yanka dogon falon da katako ɗaki-ɗaki, ana ba ma'aikata hayar gado, yawancinsu 'yan Nijar da 'yan Najeriya. An fasa bangon an cusa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ruwansa na tsiyaya yana zana baƙin layi a kan kankaren. An liƙe tagar yamma da kwali. Ƙusa kuwa ko'ina, kowace da riga ko jaka a rataye. Wani dattijo daga Maraɗi da ke kula da gidan ya bar ni na zagaya da na ce a nan na girma. Sun daɗe da ɓalle ƙofar saman bene. Na ga fantekar Inna a bakin banɗaki an jiƙa kayan aiki a ciki. Na ga langa an zuba wa tattabaru ruwa, na ga samira babu murfi cike da ƙusoshi da tsofaffin batura. Dattijon ya ce, "Wallahi 'yata kwanukan nan akwai ƙarko, irin na iyayenmu ne. Ko wace mai gata ce ta bar su?" Na ce ban sani ba.

Ban san wanne zai fi ƙona masa rai ba, bangon da aka fasa ko furannin da suka cika masa gida a kowane lungu. Masaukan da ya zana a Anbariyya an rushe su tuntuni, dogayen otal-otal sun hau wurin. Asibitin Kano an ce an yi masa fenti ruwan hoda an sa gilashi mai duhu. Ina jin da zai ɗauko kujerarsa ya zauna ya duba inda inuwa ke faɗuwa yanzu, ya ce duk an yi kuskure, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ban gaya wa Inna na je ba.

Littafin ya daɗe bai fito ba, sai bana ya iso. Kawu ya shigo da shi ɗakinta yana rawar jiki, ya sumbaci goshinta, ya buɗe mata shafin.

"Shufi, ya Inna. Kin shiga tarihi."

Ta kai shi kusa da ido. Farin haske ne kwance a kan bango mai ruwan toka, da gado, babu komai kuma. Ko tabon ramukan babu, mai hoton ya share su. Hoton yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba.

"Ɗakin wa ke nan?"

"Naki mana."

"'Yar Sidi, me suka rubuta a ƙasa?"

Akwai Turanci a gefen yarensu. Na karanta a zuci, na dubi Kawu, ya ce in fassara mata duka. Abin da ke ciki shi ne, wannan ɗakin matar mai zanen ce, 'yar Afirka, wadda ta yi shekaru masu yawa a cikinsa ba ta ƙara ko ƙusa ba, kuma hakan na nuna yadda ta fahimci aikin mijinta ta rungume shi.

"Sun sa sunana?"

"Ba su sa ba, Inna."

"Gara haka," in ji ta. "Uwata na da sauran dangi a Kano."

Idan na auna abin da ya rage na Sidi bayan shekara tara, ba shi da yawa. Gine-ginensa sun tafi ko sun sauya kama. Ya bar min ido, da shi nake ganin haske a inda wasu ke ganin bango, kuma ba zan iya mayar masa ba ko da ina so. Ya bar wa Kawu shafi huɗu a littafi. Abin da zai fi daɗewa a duniya da sunansa shi ne hoton nan, ɗakin da ya fi kowane ɗaki kama da abin da ya yi imani da shi, wanda sai da aka fitar da mai shi kafin ya yi kyau. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yi masa hisabi da rahama ba da ma'auni irin nasa ba.

Littafin yana falon Kawu yanzu, a buɗe a wannan shafi. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa, sannan a aika a kira Inna daga ɗakinta ta fito ta gaisa. Ta taho tana dafa bango. Kawu ya nuna hoton, ya nuna ta, ya ce ga mai ɗakin. Baƙi su ce ma sha Allah, Hajiya, kin yi dacen miji. Ta gyara mayafinta ta ce musu haka ne.